Zuba-ido

Zuba-ido na kwance ƙarƙashin mushen wata tifa,
haɓarta bisa tsohuwar taya,
ni ina kan jarka, takardar likita a aljihuna.
Laraba, ƙarfe tara, in ji Dakta Asabe,
kuma kada ta ci komai tun daren Talata.

Shekara huɗu tana gadin garejinmu a Ƙofar Ruwa.
Tun zuwanta ko noti bai sake yin ƙafa ba.
Albashinta ƙanzo, sai ƙashin da Ladidi mai abinci ke tara mata,
ba ta taɓa cewa a ƙara ba.

Bara ta haifi bakwai cikin bodin bas
ana tsuga ruwan Agusta.
Biyu ruwa ya ja su lambatu.
Ɗaya, direba ya yi ribas bai duba ba.
Tanko mafarauci ya zo, ya ɗaga su ta ƙeya ɗaya-ɗaya,
ya zaɓi maza biyu, ya miƙo mini kuɗin goro,
ya ce matan kuwa, Allah ya kawo mai so.
Mai so bai zo ba.
Ni na sa su a kwalin taliya,
ni na kai su bola bayan Isha,
na ajiye, ban waiwaya ba.
Kwana uku tana shinshinar ƙafar wandona,
nono na ɗiga a ƙasa,
ko sau ɗaya ba ta yi mini haushi ba.
Da ta yi, da na fi samun barci.

To ga lokaci ya kewayo.
Karnukan unguwa sun fara layi a bakin waya,
har da wani mai kunne ɗaya, tun daga Kurna,
dare na yi su hana masu gadi jin rediyo.

Dakta ta ce aikin bai kai awa ba:
allurar barci, ɗinki tsawon yatsa,
ta huta da ciki, ta huta da ciwon mahaifa.
Ta faɗi kuɗin. Na lissafa a zuci,
ladan sauke inji guda ke nan, har da ciko.

Tanko ya ce haihuwa arziki ce, ko ta kare.
Wa ya taɓa cike rijiya don ruwa ya yi yawa?
Ya ce wannan karon zai ɗauki uku.
Na ce sauran fa?
Sai ya duba agogo.

Na tari Malam Sidi bayan La'asar,
na kwashe duka na faɗa masa, har da kwalin.
Ya daɗe yana jan carbi.
Ya ce wanda ya riƙe dabba, za a tambaye shi ita.
Auna cutarwa biyu, ka ɗauki ƙaramar.
Na ce wacce ce ƙaramar, Malam?
Ya ce kai ka ɗauki kwalin, kai ka san nauyinsa.

Nazifi, yaron da nake koya wa aiki,
ya leƙo daga ƙarƙashin mota, baƙin mai har gira,
ya ce, Oga, ita an tambaye ta?
Aka bushe da dariya.
Ni na yi kamar ina neman sifana.

Yau Talata. An yi Magariba, an ja ƙofa.
Ladidi ta aiko kwano, har da ƙafar saniya,
wai yau ciniki ya yi kyau.
Zuba-ido ta miƙe, ta yi miƙa,
wutsiya na share ƙasa.
In na sauke kwanon nan, Laraba ta wuce ke nan,
ba wanda zai ce na yanke komai.

Na daɗe tsaye, har romon ya daskare.

Na ɗora shi saman tifa, na danne da birki,
na cika mata tasa da ruwa.
Ta dubi kwanon, ta dube ni,
ta koma kan tayarta ta kwanta
tana yi mini abin da sunanta ya ce.